Kaka da Geron Tungar Maje

Kaka ta cika ranar wata Talata da hantsi, a tsakiyar bazara, lokacin da kowa a Tamale ke ɗaga kai yana duban gabas ko hadari zai haɗu. Zamanin Turawa ne, ba a daɗe da dawowar sojojin da aka kai yaƙi ƙetare ba. Kafin azahar mun kai ta makwancinta. Kafin la'asar gidanmu na Zango, unguwar Hausawa, ya cika maƙil, maza a ƙofar gida bisa tabarmi, mata a ciki, takalma sun yi tuli a zaure.

Ni jikanta ne, ɗan ɗanta, ita ta goya ni ta raine ni, don haka ni aka zaunar a gaba ina karɓar gaisuwa. Na ji maganganu iri-iri a ranar. Limamin unguwa ya ce tun da ya san ta bai taɓa ganin tafin hannunta ba ƙasa a jiki ba, sai in alwala ta yi. Matan kasuwa suka ce an rasa mai gaya wa mutum gaskiya ko bai tambaya ba. Maƙwabciyarmu, wadda suka yi shekara da shekaru suna faɗa a kan akuya, ina jiyo kukanta daga waje, tana cewa, "Wayyo ni, yau wa zan tsokana da safe?" Ƙawarta kuma ta Gbalahi, wani ƙauye a gefen gari, wata tsohuwa Badagwambiya mai sayar da man kaɗe, ta tako da ƙafa cikin zafin ranar nan, ta durƙusa a gabana, ta ce da Hausarta ta kasuwa, wadda ba ta raba mace da namiji, "Mma ya tafi bai gaya mini ba. Shekaranjiya ya ce in ajiye masa wurinsa na shuka."

Duk na amsa, duk na ce amin. Amma wanda maganarsa ta hana ni sukuni har yau shi ne Baba Ƙarami, ƙanin kakana, wato ƙanin mijin Kaka. Makaho ne, yana zaune a Sagnarigu wurin 'yarsa. Shi da Kaka su kaɗai suka rage cikin manyan da suka taso daga ƙauyenmu, Tungar Maje. Ya iso 'yarsa na riƙe da gaban sanda yana riƙe da baya. Bai ce mini yaya haƙuri ba. Ya lalubo hannuna ya matse, ya ce, "Tela, ina iri?"

Na ce, "Yana nan, Baba, a ɗakin girki, inda ta saba rataye shi."

Ya ce, "Tashi ka sauke shi ka kai ɗakinka. Gida ya cika da hannuwa."

Na ce, "To, Baba, anjima." Sai wasu mutane suka yi sallama, na juya ina ba su hannu.

Irin da yake nufi ɗan damin gero ne, bai kai rungumar mutum ba, rataye a saman murhu, hayaƙi ya mai da shi baƙi ƙirin. A iya saninmu, shi ne geron Tungar Maje na ƙarshe a duniya. Kaka ta yi fiye da shekara ashirin tana raya shi, tana shukawa tana girbewa tana zaɓen iri, ba ta tsallake damina ɗaya ba. Na ɗauki alƙalami ne don nan gaba kaɗan ba wanda zai san ta ko ya san garin, kuma don akwai abin da ke wuyana wanda ba zan iya ci gaba da haɗiyewa ba.

Tungar Maje tafiyar kwana biyu ce daga Tamale, a bakin kogi. Kakanninmu fatake ne, masu kai da kawo tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja da jakuna, su kai kanwa su ɗauko goro. Wasu suka gaji da hanya, suka roƙi wuri a hannun sarkin Dagwamba na yankin, suka zauna suna noma suna saukar da ayari. Kaka takan ce da yamma kukan jakuna ba ya barin ka ji kiran salla. Sai abubuwa suka taru wa garin. Turawa suka fasa hanyar mota ta wani gefe, ayari ya ɗauke ƙafa. Aka riƙa zuwa ana kwasar samari aikin dole, fasa dutse da ɗaukar kaya, waɗanda suka tsere suka yi Kurmi wajen gonakin koko. Ubana yana cikinsu, ya tafi ina cikin uwata, har yau ba mu ji ɗuriyarsa ba. Ga kuma ciwon bakin kogi: jiki ya yi ta ƙaiƙayi, fata ta yi kaushi, ido ya dushe, mutum da ƙarfinsa ya koma sai an ja shi. Gida ya tashi bana, gida biyu su tashi baɗi. Ba Tunga kaɗai ba, duk ƙauyukan bakin kogin haka suka riƙa zubewa.

Kakana ya rasu a can, uwata ma ta bi shi ina shan nono. Ranar da Kaka ta haƙura ta tashi, hayaƙi uku kawai ke tashi a garin. Ta goya ni a baya, ta riƙe sandar Baba Ƙarami tana jansa, kanta kuma kaya ɗaya zai iya ɗauka. Ta dubi tasoshin aurenta, ta dubi damin iri. Ta kife tasoshin a ƙuryar ɗaki ta ɗauko geron. Duk lokacin da mata suka yi mata ciwon baki a kan haka, amsarta ɗaya ce: "In an koma, tasa za a shuka?"

Don ita ba ta taɓa yarda an tashi ba. A bakinta mu baƙi ne a Tamale, mun zo ne mu jira ciwo ya wuce. Ko tabarma za a saya sai ta ce a sayi mai sauƙin naɗewa.

Geron nan ba wani abin kallo ba ne, in faɗi gaskiya. Zangarniyarsa gajera ce, ba ta kai rabin ta geron kasuwa ba, kuma duk jikinta gashi ne tsaye mai tsini, in ka sussuka shi sai ka wuni kana susa. Amma saboda gashin tsuntsu ba ya iya taɓa shi, kuma yana nuna da wuri, daidai lokacin da abincin rumbunan mutane ya ƙare. Furarsa tana da wani ƙamshi da ban san da me zan kwatanta ba, wanda ya sha ya sani. Kaka ta ba mutane da yawa iri a farkon zuwanta. Kowa ya gwada shekara ɗaya ya ga ba auki, ya watsar. Sai ta ce, "Ku bar shi, ai ba naku ba ne."

A bayan ɗakinta take shuka shi, wani ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma shida ba. In an girbe, sai ta baje zangarniyoyin a gabanta ta bi su ɗaya-ɗaya, ta shafa, ta shinshina, ta ware mafiya kyau ta ɗaure da igiyar rama ta rataye a hayaƙi. Saura a ci, a kai wa Baba Ƙarami nasa a Sagnarigu. Ba ta taɓa shuka irin duka a lokaci ɗaya ba, rabi a ƙasa, rabi a rataye. In na kai hannu wajen damin don tsokana sai ta ɗaga muciya ta ce, "Maigida, na baki daban, na ƙasa daban." Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce mata tsohuwar amarya. In na ba ta haushi kuwa sai na koma ɗan birni. "Kai ɗan birni, me ka sani ban da zare da allura?"

Shekarar da fara ta cinye amfanin gona ina yaro, na ga abin da ba zan manta ba. Kwana biyu ba a ɗora tukunya a gidanmu ba sai tafasasshen ganye. Ina kuka ina nuna mata damin da ke saman kanmu. Ta ɗauki zanenta na saƙi, wanda ba ta da kamarsa, ta fita kasuwa, ta dawo da ɗan ƙunshin dawa. Ta dama kunu, ta raba uku: ni, da wata mata mai goyo da ta sauka a zaurenmu daga ƙauye, da ɗan abin da ya kwanta a gindin ƙwarya ita. Damin ko zangarniya ɗaya bai ragu ba. A lokacin na ce a raina tsohuwar nan muguwa ce, ta fi son gero da ni.

Faɗanmu na gaske ya zo ne ina saurayi, na gama koyon ɗinki, na fara jin kaina. Turawa suka kafa doka cewa kada a shuka abu mai tsayi a cikin gari, wai yana tara sauro. Wata safiya duba-gari, wanda a nan muke kira samasama, ya shigo da gajeren wandonsa na kaki da dogon ludayinsa na leƙa randa. Ya gama da randunan, ya zagaya baya, ya ga gero ya fi shi tsayi, har ya fara bununi, wato fure.

Ya ce, "Mma, wannan Bature ya hana. A sare."

Kaka ta ce, "Sauron gidan Bature fa, shi wane gero ya tara shi?"

Ya ce, "Ni ba ruwana da magana. Kwana uku na dawo. In na gan shi, kotu."

Ta ce, "Ka dawo da Baturen, ina da tambaya."

Ita ko a jikinta. Ni kuwa na hango kaina a gaban kotu, ana kiran sunan gidanmu, masu kawo mini ɗinki suna ji. Rana ta uku da safe, ta fita gaisuwar haihuwa, na ɗauki adda na shiga bayan ɗaki na kwantar da geron nan kaf. Saura mako biyu ko uku ya yi ƙwaya. Ta dawo ta tsaya a kansa. Na shirya wa zagi, na shirya wa muciya. Sai ta durƙusa ta tattara karan ta jingine a bango, ta shiga ɗaki. Wata guda cur tana dafa mini abinci tana turo mini da ƙafa, ba maigida, ba ɗan birni. Wallahi da ta dake ni da ya fi mini sauƙi.

Rabin da ta rataye shi ya cece mu. Da damina ta zagayo, ƙawarta ta Gbalahi ta ba ta wani lungu a gefen gonar ɗanta, can take takawa da fartanya a kafaɗa. Amma kafin nan, da lokacin girbi ya yi, ciyawa ta fara bushewa, sai wata safiya ta tsaya a bakin ƙofata ta ce, "Rufe keken nan naka. Zo ka ga abin da ka sare."

Muka kama hanya, ita a gaba. Ranar farko muna ta ratsa ƙauyukan Dagwamba, ana ba mu ruwa, ana tambayarmu ina zuwa. In ta faɗa sai a riƙe baki. Rana ta biyu hanya ta tsuke, ta koma ta dabbobi, sannan ta ɓace cikin gamba. Daga nan sai kufai bayan kufai. Ni da ni kaɗai ne da ban gane ba, don daji ne kawai a idona. Ita ce za ta nuna: ka ga kukoki sun taru wuri ɗaya, gari ne. Ka ga tudun nan mai zagaye, ɗaki ne. Kowane kufai muka iso sai ta tsaya ta yi sallama da ƙarfi, ta ɗan jira, kamar za a amsa. "Nan maƙera ne, su ke yi mana fartanya." "Nan akwai wata mai tuyar ƙosai, mai baƙar rowa, Allah ya jiƙanta." Na ƙirga irin waɗannan wurare har na daina.

Da la'asar muka shiga Tunga. Itacen majen da aka sa wa garin sunansa yana nan tsaye. Ban da shi ba abin da ke tsaye. Rijiya ta rufta, ɓaure ya fito a bakinta. Duwatsun da aka jera aka kewaye masallaci suna nan, kashin kura a tsakiyarsu. Ta bi ta cikin ciyawa ba ta ko laluba, ta tsaya a wani tudu ta ce, "Ɗakina." Ta tona da hannu, ta ciro dutsen niƙa, tsakiyarsa ya lotsa don aiki. Ta ɗora tafinta a cikin lotsawar, ya zauna daidai. Tasoshin kuwa ko ɗaya ba mu gani ba. Ta kai ni gefen gabas ta nuna mini wasu wurare biyu da ba su da wata alama, ta ce, "Kakanka. Uwarka." Muka yi addu'a. Ban taɓa sanin uwata ba, amma a nan na yi kukan da ban taɓa yi ba.

Daga nan ta shiga tsoffin gonaki tana buɗa ciyawa, tana neman gyauro, ko wani gero ya ci gaba da fitowa da kansa. Ta daɗe tana nema. Babu ko ɗaya. Ta dawo ta zauna a gindin majen, ta ɗebi ƙasa ta murza, ta ce, "Ka gani? Ƙasar tana nan, lafiyarta ƙalau. Mutane take jira. In ciwon ya wuce wani zai zo, ko kai ko ɗanka. Ƙasar nan geron kasuwa ba ya yi mata, an sha gwadawa, tsuntsayen kogi ke cinyewa. In babu wancan na saman murhu, ko an dawo yunwa za ta sake kora." Sannan ta dube ni ta ce, "Maigida, ka ji ko?" Na ce na ji. Tun daga ranar ni ke ɗaukar mata fartanya zuwa Gbalahi in ɗinki ya yi sauƙi. Ban ce kullum ba, kada in yi wa mamaciya ƙarya.

To, mu koma gidan makoki.

Al'adarmu a Zango, masu rashi ba sa taɓa tukunya. Matan unguwa ke karɓe gidan, su yi shara, su yi girki, su haɗa abin sadaka. Matata tana ɗaki cikin masu karɓar gaisuwa, idanu sun kumbura. Ranar sadakar uku da sassafe ina zaure, malamai sun fara taruwa, ana neman tabarmi, ana neman buta, kowa Tela, Tela. Wata dattijuwa cikin masu aikin ta leƙo ta ce, "Tela, geron gumba ba zai isa ba. Mu duba abin da ke ɗakin girki?" Ko juyowa ban yi ba. Na ce, "Iya, duk abin da kuka gani ku ɗauka."

Ba su yi da mugunta ba, Allah ya sani. Matan gari ne, 'ya'yan 'yan kasuwa, ba wadda ta taɓa ajiye iri a cikinsu. Daga baya na ji yadda aka yi. Da suka sauke damin, ɗaya ta ce wannan ai ya yi baƙi, ɗaya ta ce, "Noman hannunta ne, sadaka da guminta ta fi lada. A yi shi daban, a ba malamai da dattawa." Suka sussuka suna tsaki saboda ƙaiƙayi, suka sheƙe, suka surfa, suka wanke, suka daka da zuma. Suna ganin sun yi wa Kaka gata.

Aka yi addu'a aka shafa. Aka fito da faranti ana rabo. Baba Ƙarami yana gefena, 'yarsa ta karɓi dunƙule ta sa masa a hannu. Ya gutsura. Na ga muƙamuƙinsa ya tsaya. Ya kai sauran dunƙulen hancinsa ya shinshina.

Ya ce, "Tela."

Na ce, "Na'am, Baba."

Ya ce, "Ka sauke?"

Na tashi na ratsa cikin mata ba ko gafara, na faɗa ɗakin girki. Igiyar ramar tana lilo, ba komai a jikinta. Na fito kamar mahaukaci ina tambayar ina aka sussuka, ina ƙaiƙayin, ina sharar. Aka ce an share tun ɗazu an ƙone a bola, don gidan taro ne, kada samasama ya zo ya sami abin faɗa. Na durƙusa a gindin turmi da babbar rigata ina tona ƙasa da farce. Kaji sun riga ni. Na je bola na tona toka da zafinta. Mata suka kewaye ni suna salati, suna cewa rashin ne ya taɓa shi. Dattijuwar da ta tambaye ni ta gane, ta ɗora hannu a ka ta ce, "Na shiga uku, iri ne?" Na so in yi mata ihu. To me zan ce mata? Ta tambaya, na ba ta.

Da na koma zaure mutane sun watse da dunƙulensu a hannu. Baba Ƙarami yana nan inda na bar shi. Ya cinye nasa tas, har yana lasar tafin hannu, hawaye na bin gemunsa. Ya ce wa 'yarsa, "Tashi mu tafi."

Abu ɗaya ya rage, lungun Gbalahi. Wataƙila wasu ƙwayoyi sun zube a girbin bara. Da aka yi ruwan farko na rufe shago na tafi. Ƙawar Kaka ta ji abin da ya faru, ta daɗe tana girgiza kai, sannan ta kira ɗanta ta ce kada fartanyarsa ta kusanci lungun Mma. Amma ta gaya mini gaskiya: zabi da awaki sun yi rani a wurin, kuma a gefen nan ɗanta ya tara nasa geron bara. In wani abu ya fito, ba a san na wa ba ne sai ya fitar da kai.

Ya fito. Tsiro tara na ƙirga. Na sari ƙaya na kewaye su, na yi musu noma da hannu, ni da Kaka ke cewa ban san komai ba sai zare da allura. Tsutsa ta ci biyu, ruwa ya kwantar da ɗaya. Ɗinkin mutane ya taru, masu kaya suna zuwa gida suna zagi, ban kula ba. Kowace Juma'a bayan masallaci in taka Sagnarigu in gaya wa Baba Ƙarami: sun kai gwiwa, sun kai ƙugu, sun yi ciki. Shi kuma jiki ya fara ƙi, ba ya fita ko ƙofar gida. Ba ya ce mini komai sai, "To. In ya fitar ka kawo mini in taɓa."

Suka fitar da kai cikin mako guda, ɗaya bayan ɗaya. Na farko dogo, sumul, ba gashi ko ɗaya. Na ce bari na biyu. Na biyu haka. Na shida na tsaya a kansa tun yana leƙowa daga cikin ganye, ina roƙon Allah kamar mai jiran haihuwa. Shi ma sumul.

Na yi Juma'a biyu ban je Sagnarigu ba. A ta uku 'yarsa ta aiko cewa tsoho yana tambaya. Na karyo zangarniya ɗaya na sa a aljihu na tafi. A hanya na yi ta saƙa ƙarya: in ce tsuntsu ya ci, in ce bai fitar ba tukuna. Na same shi kwance a inuwar ɗaki. Ya ji sallamata, ya yunƙura ya zauna, ya miƙo hannu tun ban gama gaisuwa ba. Duk ƙaryar ta gudu. Na ciro na sa masa.

Ya bi ta da yatsu daga gindi zuwa sama, sau ɗaya. Ya sake biyowa ƙasa. Ya ajiye ta a cinyarsa.

Sannan ya ce, "To. Yau muka tashi daga Tunga."

Allah ya jiƙan Kaka, ya yalwata mata makwanci, ya ba ta ladan kowace ƙwaya da ta hana cikinta. Allah ya jiƙan mutanen Tunga da na sauran kufan bakin kogi, waɗanda babu mai yi musu sallama yanzu. Ni dai a ranar na durƙusa na kama ƙafar tsohon, na ce, "Baba, don Allah ka yafe mini."

Ya janye ƙafarsa a hankali. Ya ce, "Ni ba nawa ba ne, Tela. Mai shi tana ƙasa."